Daga Disko Zuwa Haus: Wa Ke Adana Mana Faya-fayanmu?

Duk shekara idan na zo koyar da darasin aron kalmomi, akwai kalma guda da nakan rubuta a allo in nemi ɗalibai su ba ni ma'anarta, wato kalmar "disko". Amsar ba ta cika sauyawa ba. Wasu su ce gidan rawa, wasu su ce matattarar shashanci, waɗanda suka ɗan manyanta kuwa sai su tuno da fim ɗin Indiya na 1982 mai suna Disco Dancer, wanda Mithun Chakraborty ya fito a ciki, ya kuma cika gidajen sinima a garuruwanmu. Ban taɓa samun wanda ya kawo mini asalin ma'anar ba. Kalmar ta fito ne daga Faransanci, inda "discothèque" ke nufin ma'adanar faya-fayai, kamar dai yadda "bibliothèque" ke nufin ɗakin ajiye littattafai. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne sunan ya zauna a kan gidajen rawa na birnin Faris waɗanda ke saka faifan garmaho a maimakon ɗauko makaɗa.

Ɗan'uwan disko, wato kiɗan da ake kira "haus", shi ma haka labarinsa yake. Bayanin da ya fi shahara shi ne cewa an yanko sunan ne daga na wani gidan rawa a birnin Shikago mai suna Warehouse, wanda ma'anarsa ita ce sito, wato inda ake jibge kaya. Ashe ke nan sunayen nan biyu duk daga ajiya suka samo tushe. Wannan shi ne dalilin da ya sa na kawo batun a wannan shafi. Mai karatu ya kwantar da hankalinsa, ban zo gayyatar kowa gidan rawa ba. Addininmu da tarbiyyarmu suna da matsayinsu a kan haka, malamai kuma sun yi bayani gwargwadon iko. Abin da ya dame ni shi ne tambayar wa ke mallakar kiɗa, wa ke adana shi, wa kuma ke cin moriyarsa bayan mai shi ya tsufa ko ya kwanta dama. Tarihin ƙananan kamfanonin da suka raya waɗannan kaɗe-kaɗe yana da amsa mai amfani gare mu.

A watan Fabrairun 1970 ne wani mutum mai suna David Mancuso ya fara tara jama'a a ɗakinsa da ke birnin Niyok, wurin da daga baya aka san shi da The Loft. Ba a sayar da giya a wurin, ba kuma kowa ke shiga ba sai wanda aka gayyata. Mafi yawan masu zuwa irin waɗannan wurare baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka da masu neman jinsinsu, wato mutanen da manyan gidajen shaƙatawa na wancan lokaci ba sa maraba da su. Mancuso mutum ne mai yawon kantunan faifai yana tono abin da rediyo bai sani ba. A irin wannan yawo ne ya ci karo da faifan wani mabushin saksofon ɗan ƙasar Kamaru, Manu Dibango, mai suna "Soul Makossa". Dibango ya yi kiɗan ne a 1972 don cike bayan faifan waƙar gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a shekarar. Daga ɗakin Mancuso kiɗan ya tsallaka zuwa rediyo, kamfanin Atlantic ya sayi izinin buga shi, ya kuma shiga jerin waƙoƙi 40 mafi kasuwa a Amurka a 1973. Masana tarihin kiɗa da dama suna lissafa shi cikin faya-fayan farko na disko. Saboda haka tun ran gini, da hannun Afirka a cikin zanen.

Waɗanda suka ɗauki nauyin wannan sabon kiɗa tun yana jariri ƙananan kamfanoni ne masu zaman kansu, irin su Salsoul da West End da Prelude, dukkansu a Niyok. Su ne ke sauraren abin da masu saka faifai, wato dije-dije, suke buƙata. Ƙaramin faifai mai faɗin inci 7 ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintuna uku zuwa huɗu, ga shi masu rawa ba sa son a katse musu hanzari. Wani gwanin haɗa sauti mai suna Tom Moulton ya gano cewa idan aka baje waƙa ɗaya tak a kan babban faifai mai inci 12, layukan da allura ke bi sukan yi faɗi, amon ya ƙara ƙarfi, gangar kuma ta ƙara kauri. A 1976 kamfanin Salsoul ya fitar da irin wannan faifai kasuwa a karon farko, wato "Ten Percent" na ƙungiyar Double Exposure, bayan wani dije mai suna Walter Gibbons ya warware waƙar ya sake jera ta, ya tsawaita wuraren da ganguna kaɗai ke magana. Ginshiƙin kiɗan kuwa bugun babbar ganga ne sau huɗu a jere ba tsallake, kimanin bugu 120 a minti guda, salon da ake danganta shi da makaɗin birnin Filadelfiya Earl Young.

Da manyan kamfanoni suka hango riba, musamman bayan fim ɗin Saturday Night Fever na 1977, sai suka yi wa harkar rubdugu. Kowane mawaƙi aka tura shi ya yi disko, ko ya iya ko bai iya ba, har abin ya gundiri jama'a. A ranar 12 ga Yulin 1979 wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya shirya gangami a filin wasa na Comiskey da ke Shikago, inda aka ce duk wanda ya zo da faifan disko zai shiga a kan santi 98 kacal. Aka tara faya-fayan a tsakiyar fili aka tarwatsa su da nakiya, dubban matasa suka kwararo cikin filin, har wasan besbol na biyu da aka shirya bai yiwu ba. Wani matashi baƙar fata da ke aikin nuna wa 'yan kallo kujeru a daren, Vince Lawrence, ya sha ba da labarin cewa da yawan faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙen fata ne kurum. Cikin ɗan lokaci manyan kamfanoni suka janye jiki, suka sallami ma'aikatan sassan disko. Sun ci kasuwa, sun watse sun bar masu rumfa da shara.

To, a cikin wannan sharar ce aka tsinci haus, kuma a garin da aka yi wa disko jana'iza. Frankie Knuckles, wanda ya taso daga Niyok ya kama aikin saka faifai a Warehouse a 1977, ya ga sababbin faya-fayai sun yi ƙaranci, sai ya shiga yanka tsofaffin a kan tef yana sake ɗinke su, daga baya ya riƙa ɗora musu bugun na'ura. Matasan unguwannin baƙaƙen fata da ke sauraren sa da kuma takwaransa Ron Hardy suka fahimci cewa ba sai da ƙungiyar makaɗa talatin ake yin faifai ba. Kamfanin Roland na Japan ya ƙera wasu na'urorin kiɗa, TR-808 da TR-909 da TB-303, waɗanda ƙwararrun makaɗa suka raina saboda amonsu bai yi kama da na ganga ko jita ta gaskiya ba, don haka suka faɗo kasuwar gwanjo da araha. Da irin waɗannan kayan kiɗa na lantarki ne Jesse Saunders, tare da wancan Vince Lawrence, suka fitar da "On and On" a 1984, faifan da ake yawan kira na farko a kiɗan haus. A watan Janairun 1987 "Jack Your Body" na Steve Hurley ya hau matsayi na ɗaya a Ingila. A shekarar ce kuma ƙungiyar Phuture ta fitar da "Acid Tracks", wanda suka samu ta hanyar murɗa maɓallan TB-303 ba bisa ƙa'idar da maƙeranta suka shimfiɗa ba.

A nan ne ya kamata in gabatar da reshen da ya fi jan hankalina. Turawa suna kiran sa "leftfield", kalmar da suka aro daga wasan besbol, inda take nufin ɓangaren hagu na fili, daga nan kuma ta koma nufin duk abin da ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Da Hausa ina ganin "bauɗaɗɗen kiɗa" ya fi dacewa, domin kiɗa ne da ya san hanya sarai amma ya zaɓi ya bauɗe mata. Babban misali shi ne Arthur Russell, ɗan jihar Iowa, wanda ya ƙware a kan selo, wato babban gogen Turawa, ya kuma karanci kiɗan gargajiyar Indiya a Kalifoniya kafin ya koma Niyok. Da ya shiga harkar disko sai ya riƙa haɗa ƙwararrun makaɗa da waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin ɗaukar sauti ba, yana barin kurakuransu a cikin faifai da gangan. Da shi aka kafa ƙaramin kamfanin Sleeping Bag, wanda ya fitar da "Go Bang" a farkon shekarun 1980. Russell ya rasu a 1992 yana da shekara 40, talaka, ba kowa ya san shi ba. Sai a 2004 wasu ƙananan kamfanoni biyu, Audika da Soul Jazz, suka tono ayyukansa suka sake bugawa, a 2016 kuma babban ɗakin karatun jama'a na Niyok ya karɓi tef-tef da takardunsa don adanawa.

Wannan tafarki bai yanke ba. A birnin Ditiroyit, Kenny Dixon Jr, wanda aka fi sani da Moodymann, da Theo Parrish, wanda ya kafa kamfaninsa Sound Signature a 1997, sukan gina kiɗa a kan guntayen tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fata, su rage masa gudu, su bar ƙarar tsufan faifai da hayaniyar ɗaki a ciki. A Niyok kamfanin DFA, wanda aka kafa a 2001, ya auro disko ya haɗa shi da kiɗan jita mai kaushi. A ƙasar Nowe su Lindstrøm da Prins Thomas da Todd Terje suka fito da wani salo mai tsawo da lumshi. A Amsitadam kantin Rush Hour, wanda aka buɗe a 1997, ya zama kanti da kamfani da dillali a lokaci guda. Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙanta. Sau da yawa mutum ɗaya ne ko biyu ke tafiyar da kamfanin, su buga kwafi 300 ko 500, idan ya ƙare su mayar da kuɗin su buga na gaba. Wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba yana iya gwada abin da mai neman sayar da miliyan ba zai kuskura ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasu da nake so mai karatu ya riƙe. Komai ƙanƙantar kamfani, sau da yawa faifai yana ɗauke da lamba, da shekara, da sunan wanda ya tsara, da wanda ya buga kowane abin kiɗa, da ɗakin da aka ɗauka. Saboda wannan tsari ne wani masanin kwamfuta a birnin Fotlan na Amurka, Kevin Lewandowski, ya iya buɗe rumbun Discogs a intanet a shekarar 2000, da nufin lissafa faya-fayan kiɗan na'ura, rumbun da ya bunƙasa har ya ƙunshi bayanan miliyoyin faya-fayai na kowane irin kiɗa. Mai bincike yana iya zama a Kano ya gano wanda ya kaɗa ganga a wani faifan da aka buga kwafi 300 a Jamus shekara ashirin da suka wuce.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin kamfani waliyyi ne. Kamfanin Trax na Shikago, wanda ya fitar da yawancin faya-fayan haus na farko, ya yi ƙaurin suna wajen narka tsofaffin faya-fayai ya buga sababbi da su, har amon ya riƙa fita da ƙaiƙayi, kuma mawaƙansa da dama sun yi ta kukan ba a biya su haƙƙinsu ba. Larry Heard da Robert Owens, waɗanda ke cikin iyayen wannan kiɗa, sun kai ƙara kotu a 2020, sai a 2022 ne haƙƙin mallakar waƙoƙin da suka yi tun shekarun 1980 ya dawo hannunsu. Shi ma Manu Dibango sai da ya tayar da ƙara bayan an ɗauki wani yanki na waƙarsa an saka a faifan Thriller na Michael Jackson na 1982, kafin aka sasanta da shi. Wanda bai rubuta yarjejeniya da ƙuruciya ba, yakan ƙare tsufansa a harabar kotu.

Yanzu bari mu dawo gida. Ƙishirwar baƙon amo da ke damun masu bauɗaɗɗen kiɗa ita ce ta kawo su Afirka. William Onyeabor na Inugu ya yi faya-fayai da na'urorin lantarki tsakanin 1977 da 1985, a ɗakin ɗaukar sautinsa, ya kuma buga su a masana'antarsa, daga baya ya rungumi addinin Kirista gadan-gadan ya daina ko zancen kiɗa. Kamfanin Luaka Bop na Niyok ne ya bi shi shekara da shekaru har ya amince aka fitar da tarin waƙoƙinsa a 2013, shekara huɗu kafin rasuwarsa. A 2016 kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin diskon Nijeriya na shekarun 1980 mai suna Doing It in Lagos. Wani ɗan Gana mai laƙabin Ata Kak ya yi kaset a Toronto a 1994, kwafi kimanin 50 aka buga, bai yi kasuwa ba. Wani Ba'amurke, Brian Shimkovitz, ya saye shi a bakin titi a Cape Coast a 2002, ya shafe shekaru yana neman mai shi, a 2015 ya sake fitar da shi, har mutumin ya zagaya Turai yana wasa bayan ya fid da rai da waƙa.

Abin bai tsaya a kudu ba. Duk wanda ya tashi a Jamhuriyar Nijar ya san amon ogan ɗin Mamman Sani, domin shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasar suna saka shi a tsakanin shirye-shirye. Kaset ɗinsa na 1978 kwafi kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, shi ma daga Fotlan, ya fitar da shi a faifai ga duniya. A wannan shekarar ce dai kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, waɗannan dai da muke kira nanaye muna taɓe baki. Wato kiɗan fiyanon da 'yan bokonmu suke ganin bai kai a yi nazarinsa ba, wani ya ƙetaro teku ya zaɓa, ya ba shi lamba da shekara, ya ajiye shi inda jikokinsa za su same shi.

Na sha jin abokai suna cewa wannan wani sabon salon wawashe dukiyar Afirka ne, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. An sayi tsofaffin faya-fayai a kasuwanninmu a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, an sayar da su a Turai da tsadar gaske, an kuma samu 'yan fashin da suka sake buga waƙoƙin mutane ba izini ba biya. Amma adalci ya sa a faɗi cewa wasu daga cikin waɗannan ƙananan kamfanoni suna neman mawaƙin ko magadansa, su rubuta yarjejeniya, su raba riba biyu da shi. Tambayar da ta fi ciwo ita ce: kafin su zo, ina faya-fayan suke? Suna jibge a zaure, rana ta lanƙwasa wasu, gara ta cinye bangon wasu, yara suna wasan mota da saura. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mu dubi halin da namu kayan ke ciki. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan a wayoyinmu, ana tura su daga hannu zuwa hannu, amma akasari ba shekara, ba wurin da aka ɗauka, ba sunayen makaɗa da 'yan amshi, wani lokaci ma sunan waƙar kansa ƙirƙirar mai turawa ne. Ɗalibin da ke son nazarin yadda Hausar mawaƙi ta sauya tsakanin ƙuruciyarsa da tsufansa ba shi da madogara, tunda bai san wace waƙa ta riga wata ba. Waƙoƙin finafinai na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 sun fi shiga haɗari, domin a kan kaset da kwamfutocin ƙananan ɗakunan kiɗa aka ɗauke su. Zaren kaset yana ruɓewa da zafi da laima, kwamfuta tana mutuwa da abin da ke cikinta, mai ɗakin kuma yakan sauya sana'a. Ko manya ba su tsira ba: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Kalifoniya a 2008 ta lashe ɗimbin tef-tef na asali. Ina ga mu da ba mu da kwafi na biyu?

Shawarata ba ta buƙatar kasafin gwamnati. Na farko, masu ɗakunan kiɗa da mawaƙanmu su ɗauki ɗabi'ar nan ta ƙananan kamfanoni: kowace waƙa ta fita da lamba da kwanan wata da sunan duk wanda ya sa hannu, a kuma ajiye asalinta a wuri biyu. Na biyu, kada mawaƙi ya miƙa aikinsa ga kowa, ɗan gida ko baƙo, sai da rubutacciyar yarjejeniya mai faɗin tsawon lokaci da rabon kuɗi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2023 ba za ta amfani wanda ba shi da takarda ba. Na uku, sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da gidajen rediyo da iyalan mawaƙa a juye tsofaffin tef-tef zuwa kwamfuta, a yi musu cikakken jadawali tun masu iya shaida muryoyin suna raye. Na huɗu, ma'aikata da 'yan kasuwa masu karanta wannan shafi su sani cewa kafa ƙaramin kamfanin sake fitar da tsofaffin waƙoƙi bai kai tsadar motar da yawancinmu ke hawa ba.

Matasan Shikago da suka tsinci na'urorin gwanjo ba su jira wani ya ba su izini ba, kuma ginin Warehouse ɗin da aka raina, a 2023 hukumar birnin ta sanya shi cikin wuraren tarihi da doka ta hana rushewa. Mu kuwa muna da taskar da ta fi tasu daɗewa, sai dai ba mu yi mata sito ba. Duk wanda ke da kwalin kaset-kaset na mahaifinsa a ƙarƙashin gado, ya fito da shi a wannan mako ya rubuta abin da ke kan kowanne, tun kafin damina ta gaba ta yi masa aikin da ba ya gyaruwa. Allah Ya sa mu dace.